Layi 24: Yadda Aikin Injiniyan Manhaja Yake a Manyan Kamfanonin Fasaha

A shekarar 2018 wasu masu bincike suka fitar da sakamakon bin diddigin canje-canje wajen miliyan tara da injiniyoyin Google suka shigar cikin manhajojin kamfanin. Da suka jera su daga ƙarami zuwa babba, sai suka tarar wanda ya faɗo a tsakiya layi 24 ne kacal. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na canje-canjen, fayil ɗaya tak suka taɓa. Layi 24 bai cika shafi guda ba. Amma a kan irin wannan ɗan rubutu ake biyan mutum albashin da ake ta labarinsa, kuma sai an gane dalilin ƙanƙantarsa sannan a gane aikin.

Dalilin shi ne girman abin da ake taɓawa. A lissafin da wasu ma'aikatan Google biyu, Rachel Potvin da Josh Levenberg, suka wallafa a 2016, rumbun da Google ke ajiye kod ɗinsa, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, yana ɗauke da layi kusan biliyan biyu a cikin fayiloli wajen miliyan tara, nauyinsa terabayit 86. Injiniyoyi sama da 25,000 ne ke aiki a cikin wannan rumbu guda. A ranar aiki mutane na shigar da canji kusan 16,000, na'urori masu aiki da kansu su ƙara 24,000. Alƙaluman na farkon 2015 ne, yau abin ya zarce nan. Wanda aka ɗauka aiki ba fili aka yanka masa ya yi sabon gini ba. Tsohon gida aka shigar da shi mai ɗakuna dubbai, aka ce ya sauya azara ɗaya a ɗakin da mutane ke barci, kada ƙasa ta zubo musu, kada kuma soron maƙwabci ya tsage.

Wani injiniyan Google, Hyrum Wright, ya lura da abin da yanzu ake kira da sunansa: idan masu amfani da manhajarka suka yi yawa, duk wata ɗabi'a da take nunawa, har wadda ba ka yi alkawarinta ba, har kuskurenta, akwai wanda ya jingina aikinsa da ita. Ranar da ka gyara kuskuren, ranar nasa aikin zai rushe.

Daga "kasa" zuwa "ƙasa"

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga tushe. A ce ƙorafi ya zo cewa idan mutum ya rubuta "kasa" a akwatin bincike na wata babbar manhaja, ba ta fito masa da rubutun da ke ɗauke da "ƙasa". Yawancinmu ba mu da ƙ da ɗ da ɓ a madannin waya, masu su ma ba kullum suke wahalar da kansu ba. Manhajar ta riga ta san cewa wanda ya rubuta e yana iya nufin é ta Faransanci, domin a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, é tana rabuwa gida biyu, harafin e da ɗan sandan da ke kansa, sai a yar da sandan. Ƙ ba haka take ba. Harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199, ba ya rabuwa zuwa k da ƙugiya, haka ma ɗ da ɓ. Saboda haka dabarar da ke yi wa Faransanci aiki tana wuce su ba ta gan su ba. Gyaran a fili yake: a ƙara ɗan jadawali da zai ce ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, da manyansu. Ɗalibin aji biyu a jami'a zai rubuta shi kafin shayinsa ya huce.

A babban kamfani, kwanakin farko duk karatu ne. Injiniya zai shiga injin binciken kod na cikin gida ya nemo inda ake tsaftace kalmomi kafin a bincika su, ya ga wace tawaga ce ke da wurin, sannan ya ga su waye ke kiran wannan ɗan sashe daga wasu wurare. Sau da yawa sai ya tarar sashen da yake son taɓawa shi ne kuma ke tantance sunayen masu rajista, ko yake tace kalmomin batsa, ko yake haɗa tallace-tallace da kalmomin bincike. Daga nan sai ya rubuta takardar tsari, shafi biyu ko uku, ya faɗi matsalar, hanyoyin da ya duba, wadda ya zaɓa da dalilinsa, da abin da zai yi idan ta ɓaci. A Amazon al'adar rubutu ta yi ƙarfi har manyan taruka kan fara da shiru, kowa ya duƙufa yana karanta takarda mai shafi shida kafin a buɗe baki.

A wannan takarda ake kamo abubuwan da jadawalin bai nuna ba. "Ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne, haka "ɓari" da "bari", don haka wanda ya ɗauki wahalar rubuta ƙugiya dole a fifita masa ainihin abin da ya rubuta a saman sakamako. Fulfulde ma tana da ɓ da ɗ da ƴ, ke nan gyaran ya shafi wasu mutane da ba su kai ƙorafi ba. Babban ramin kuwa yana wajen fihirisa. Injin bincike ba ya karanta dukkan rubutun duniya duk lokacin da aka tambaye shi, fihirisa yake dubawa, wato jerin kalmomi da inda kowace take, wadda aka gina tun da farko, kuma an gina ta ne da tsohuwar ƙa'ida. Idan aka gyara ɓangaren tambaya kaɗai, mutumin da ya rubuta "ƙasa" daidai za a mayar masa da ita "kasa", a je fihirisa a tarar "ƙasa" ce a ajiye, a dawo masa hannu rabbana. An je gyaran gira an tsone ido. Dole a bi tsari: a fara koya wa fihirisa ajiye kalmar ta fuska biyu, a sake gina ta, wanda kan iya cin kwanaki da ɗimbin injina, a tabbatar ta kammala a kowace cibiyar da kamfanin ke ajiye injinansa, sannan a juya ɓangaren tambaya. Canji ɗaya ya zama uku ko huɗu, kowanne ƙarami, kowanne ana iya janye shi ba tare da an taɓa sauran ba. Ga inda layi 24 ya samo asali.

Idan an rubuta kod, ba ya shiga rumbu sai wani ya duba shi. A Google ana buƙatar amincewa iri uku. Ta farko, wani injiniya ya karanta ya ce a ganinsa daidai ne. Ta biyu, ɗaya daga cikin masu wurin, waɗanda sunayensu ke rubuce a wani fayil a cikin wannan sashe na rumbu, ya yarda a taɓa musu kaya. Ta uku, wanda aka tabbatar ya ƙware a ƙa'idojin rubutun wannan yaren kwamfuta ya sa hannu. Mutum ɗaya na iya riƙe duka ukun, shi ya sa yawancin canje-canje mai duba ɗaya ke gama su. Ƙa'idar kamfanin ita ce kada canji ya wuce yinin aiki guda yana jiran amsa, kuma binciken nan na 2018 ya nuna na tsakiya kan kammala bita cikin ƙasa da awa huɗu. Mai duba nagari zai tambayi abin da marubucin bai yi tunani ba: me zai faru idan kalmar ta zo da babban baƙi, Ƙ? Ina gwajin da ke nuna ba a ɓata wa Turkawa ba, su da suke da i mai ɗigo da ı marar ɗigo? Harafin ƙ bayit biyu yake ci a ajiya (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta), k kuwa ɗaya, to akwai inda ake ƙirga tsawon kalma da bayit?

Sabon shiga kan ji zafin wannan mataki. Ya aika aikin da ya kwana a kai, ya dawo masa da sharhi talatin. Wanda ya ɗauki sharhin a matsayin raini ba ya daɗewa cikin natsuwa, domin babu mai wuce bita komai girmansa. Amfaninta ya wuce kama kuskure: ita ce hanyar da aƙalla mutum biyu ke sanin kowane lungu na gidan, ta yadda idan ɗaya ya tafi hutu ko ya bar aiki ba a rasa mai bayani ba. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan mataki nauyi. A Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod a Google na'ura ce ke samar da shi, injiniyoyi su duba su karɓa. Rubutu ya yi arha, idon da zai tantance shi bai ƙaru ba, kuma sunan mutum ne ke kan canjin idan ya yi ɓarna.

Kafin canjin ya shige, injina kan gudanar da gwaje-gwaje, nasa da na duk wani sashe da ya dogara da wurin da aka taɓa, wani lokaci dubbai. A nan akwai wata cuta da ke cin ran injiniyoyi a ko'ina: gwajin da ke cin nasara yanzu, ya faɗi an jima, alhali ba a canza komai ba. Google ya bayyana a 2016 cewa kusan kashi 1.5 cikin ɗari na gwaje-gwajen da yake gudanarwa irin wannan sakamako suke bayarwa, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensa suna da wannan hali ko yaya. Musabbabin sanannu ne: gwajin ya dogara da agogo, ko da wata na'ura ta nesa da ta yi jinkiri, ko ayyuka biyu suna tsere a kan abu ɗaya, wanda ya riga isa shi ke sauya sakamako. Illarsa ta fi ɓata lokaci. Mutane kan saba da ganin jan alama su ce a sake gwadawa kawai, har ranar da jan alamar ta gaske ce.

Shigar canji rumbu ba ya nufin ya isa ga jama'a. Akan ɓoye sabon hali a bayan makunni, wato ɗan saiti da ake kunnawa ko kashewa ba tare da an sake fitar da manhaja ba. Sai a kunna wa ma'aikatan kamfani, sannan a kunna a 'yan injina ƙalilan da ake kira kanari, sunan da aka aro daga masu haƙar kwal na Ingila waɗanda a da suke shiga rami da tsuntsun kanari, idan ya sheƙe sun san iskar ta gurɓace. Daga nan kashi 1 cikin ɗari na masu amfani, sai 10, sai 50, yanki bayan yanki, ana tsayawa a kowane mataki a kwatanta: kurakurai sun ƙaru? Amsa ta ƙara jinkiri? Injina sun ƙara cin ƙarfi? Mutane suna samun abin da suke nema fiye da da? Tawagogi da yawa ba sa fitar da kaya ranar Juma'a da yamma, kuma akan rufe ƙofar canje-canje gaba ɗaya a makonnin cinikin ƙarshen shekara. Duk wannan taka-tsantsan yana da tushe: a lissafin Google, kusan kashi 70 cikin ɗari na katsewar ayyuka daga canjin da aka yi wa tsarin da ke aiki suke tasowa. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil ga abokan cinikinsa ba mataki-mataki ba. Ya janye shi bayan minti 78, amma kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 sun riga sun durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro, kuma injina da yawa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Wayar da ba a kashewa

Abin da aka fitar, sai an yi gadinsa. Kowace tawaga tana da jerin masu jiran kira, kamar likitoci, galibi mako guda kowa. A Amazon ƙa'idar da babban jami'in fasahar kamfanin, Werner Vogels, ya bayyana tun 2006 ita ce wanda ya gina abu shi ke kula da shi, don haka marubucin kod shi ake tasa da dare. Google kuwa tun 2003, ƙarƙashin Ben Treynor Sloss, ya kafa rukunin injiniyoyi na musamman masu kula da ɗorewar manyan ayyukansa, ya kuma gindaya musu iyakoki a rubuce. Aikin kashe gobara da hidimar yau da kullum kada ya wuce rabin lokacin mutum. Tawagar da ke wuri ɗaya tana buƙatar aƙalla mutum takwas, idan kuwa an raba ta nahiya biyu, shida a kowane ɓangare, domin rana ta riƙa bin aikin kada kowa ya kwana a zaune. Ga ayyukan da jama'a ke taɓawa kai tsaye, minti biyar ake ba mutum ya kasance a gaban kwamfuta bayan ƙararrawa, marasa gaggawa minti talatin. Minti biyar na nufin a wannan mako ba ka tuƙi mai nisa, ba ka shiga inda babu intanet, kwamfuta na tare da kai har gidan biki. Kuma an ƙayyade kada matsaloli su wuce biyu a cikin awa goma sha biyu, domin kowace ɗaya da bincikenta da rahotonta takan ci wajen awa shida.

Ba a neman manhaja ta yi aiki ɗari bisa ɗari, domin kuɗin da hakan zai ci ba shi da iyaka, kuma wayar mai amfani da layin sadarwarsa ma ba su kai haka ba. Ana sa manufa ne. Idan an ce 99.9 cikin ɗari, an yarda da katsewar minti 43 a cikin kwana talatin. Idan an ce 99.99, minti huɗu da 'yan daƙiƙu ne kawai. Wannan rata ita ake kira kasafin kuskure. Muddin akwai saura, masu son fitar da sabon abu su ci gaba. Ranar da ya ƙare, a dakatar da sabbin abubuwa a koma gyara. A ganina wannan na cikin dabaru mafi hikima a sana'ar, domin ta ɗauke tsohuwar gardamar da ke tsakanin mai gaggawa da mai tsoro daga hannun wanda ya fi iya ɗaga murya, ta miƙa ta ga lissafi.

Idan ƙararrawa ta kaɗa, ba a fara neman dalili. Tambayar farko: me aka canza a baya-bayan nan? A kashe makunnin, a mayar da tsohuwar manhaja, a karkatar da jama'a zuwa wata cibiya. Idan abin ya girma, mutum ɗaya ya zama jagora, wani ya riƙe gyara, wani ya riƙe sanar da shugabanni da abokan ciniki, domin kada mai gyara ya riƙa amsa tambayoyi hannunsa na cikin wuta. Matakan duk a rubuce suke tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar 28 ga Fabrairun 2017, wani injiniyan Amazon yana bin irin waɗannan rubutattun matakai domin cire 'yan injina daga S3, ma'ajiyar da Amazon ke ajiye wa wasu kamfanoni fayilolinsu, a yankin arewacin Bajiniya ta Amurka. Ya yi kuskure wajen shigar da abu ɗaya a cikin umarnin, aka cire injina fiye da yadda aka nufa, ciki har da masu riƙe fihirisar da ke sanin inda kowane fayil yake. Dole aka sake tayar da waɗannan sassa daga tushe, abin da aka yi shekaru ba a yi ba, kuma sun girma ƙwarai a tsakani. Tsalle ɗaya ya jefa rijiya, fitowa ta ci wajen awa huɗu, shafuka da manhajoji masu yawa suka tsaya. Har shafin da kamfanin ke sanar da matsala ya kasa sabuntawa na wani lokaci, domin shi ma a kan S3 ya dogara. Abin lura shi ne rahoton da kamfanin ya fitar: bai ambaci sunan injiniyan ba. Ya ce kayan aikin ne ya bari a cire injina masu yawa da sauri haka, aka gyara shi ya riƙa cirewa a hankali, ya kuma ƙi sauka ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan shi ne tushen rahoton bin diddigi marar ɗora laifi, kuma dalilinsa na aiki ne: inda ake hukunta mai kuskure, mutane kan ɓoye abin da suka gani, ramin ya zauna yana jiran na gaba.

Masu saye da sayarwa ta WhatsApp a Kano da Maraɗi da Kumasi sun ɗanɗani irin wannan ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, da yamma kafin ƙarfe biyar agogon Najeriya da Nijar. Wani umarni da aka bayar yayin aikin kula da hanyoyin sadarwar Facebook ya yanke dukkan cibiyoyin kamfanin daga juna, manhajar da aka tanada ta tare irin wannan umarni kuwa tana da nata kuskuren, ta bar shi ya wuce. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su sun tafi tare da sauran, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu, inda tsauraran matakan tsaro suka ƙara jinkirta su. Kusan awa shida Facebook da Instagram da WhatsApp suna ɗauke.

Sauran yini na yau da kullum ba shi da wannan zafi. Tawaga mutum shida zuwa goma, ɗan taron minti goma sha biyar da safe, ganawa da manaja ta rabin awa a mako ko mako biyu, bitar aikin wasu, amsa tambayoyi. Idan abokan aiki na Kalifoniya, Landan, Zurik da Bangalor, lokacin taro kan faɗa wa wani da sassafe, wani da dare. Mai son samun awa uku a jere na tunani sai ya toshe su a kalandarsa da kansa, kuma ta nan ne Musulmi ke kare lokacin Juma'arsa.

Mataki, kuɗi da biza

Shiga irin waɗannan kamfanoni kan bi ta ganawa huɗu ko biyar, kowace wajen minti 45, ana warware matsalar lissafi da tsara bayanai a gaban mai tambaya, manya kuma a ƙara musu zana babban tsari. A Google sabon kammala jami'a kan fara a mataki na L3, L5 ne babban injiniya, daga L6 aikin mutum ya fara ratsa tawagogi da yawa, can ƙololuwa akwai irin su Jeff Dean da Sanjay Ghemawat. Bambancin matakan ba saurin rubutu ba ne. Ƙaramin injiniya ana ba shi aiki a fayyace, na tsakiya ana ba shi matsala ya nemo hanya, babba shi ke gano matsalar da ba wanda ya ce masa akwai ta, ya kuma shawo kan tawagogin da ba ya iko da su.

Kuɗin gida uku ne a yawancinsu: albashi, bonas, da hannun jarin kamfani da ke zama mallakar ma'aikaci a hankali cikin shekara huɗu. Tsarin da Amazon ya shahara da shi shi ne kashi 5 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu, tare da tsabar kuɗi a shekaru biyun farko domin cike giɓi. Ke nan wanda aka yi wa alkawarin hannun jarin dala 100,000 ya tafi bayan shekara biyu, na dala 20,000 ya samu, a farashin ranar alkawari. Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Hannun jarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, ya faɗo daga wajen dala 380 a Satumban 2021 zuwa ƙasa da dala 100 a Nuwamban 2022. A wannan watan kamfanin ya sallami ma'aikata 11,000, ya ƙara 10,000 a 2023. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa jimillarsa ta kai 27,000 zuwa Maris. Ga baƙon da ke Amurka da bizar aiki ta H-1B, wadda ake ba da sabbi 85,000 a shekara, sallama na nufin kwana 60 ya sami wani kamfani ko ya tattara iyalinsa. Ofisoshin Afirka ma ba su tsira ba: Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyi a Legas da Nairobi a 2019, ya rufe ta Legas a 2024.

Ƙarin girma yana da nasa sharaɗin: sai ka nuna ka riga ka daɗe kana aikin matakin gaba, da shaidar takardun tsari, alƙaluma da bayanin abokan aiki, sannan manajoji ko kwamiti su auna ka da sa'o'inka. A nan tsarin yake da gurguwar ƙafa. Sabon abu da aka ƙaddamar yana da sauƙin nunawa a takarda. Wanda ya shafe wata uku yana kashe gwaje-gwaje marasa tabbas, ko ya rage ƙararrawar ƙarya har abokansa suka samu barci, sakamakonsa shi ne abin da bai faru ba, kuma abin da bai faru ba yana da wuyar aunawa. Masu sukar Google sun daɗe suna danganta yawan ƙaddamar da kaya da rufe su, irin su Reader a 2013, Allo a 2019 da Stadia a 2023, da wannan karkata.

Misalinmu na "ƙasa" yana da irin wannan aiki a ƙarshensa. Bayan an kunna wa kowa, makonni sun wuce lafiya, saura a cire makunnin, a goge tsohuwar ƙa'ida, a daina ajiye abin da fihirisa ba ta buƙata. Ba wanda zai yaba, kuma injiniyan ya riga ya koma wani aiki, shi ya sa manyan rumbuna ke cike da matattun makunnai. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, Knight Capital, ya bar wani tsohon kod da aka daina amfani da shi tun 2003 a cikin manhajarsa. A 2012 aka ɗauki makunnin wannan tsohon kod aka ɗora wa sabon aiki, aka saka sabuwar manhaja a injina bakwai daga cikin takwas, aka manta da ɗaya. Da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga Agusta, makunnin ya tayar da tsohon kod a wannan inji na takwas, ya shiga aika odar ciniki ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Shi ya sa tawagogin da suka san aikinsu ke rubuta ranar cire makunni tun ranar da suka saka shi, da sunan wanda zai cire. Wannan canji na gogewa shi ma sai an duba shi, an gwada shi, an fara kunna shi a kanari, sannan a bi yanki bayan yanki.